Gayyar da Tabita Ta Kira Saboda Kujerar Jirgi

A duk layin masu daddawa na kasuwar Kontagora babu wadda ta taɓa shiga jirgin sama sai Tabita, kuma ba ta bari a manta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, haifaffiyar wani ƙauye a bayan Rijau. Har gobe Hausarta da ɗanɗanon Dukanci a ciki, in kuwa ranta ya ɓaci sai ta ajiye Hausar gefe ta koma yaren uwarta, wanda ake yi wa faɗan ya samu sauƙi tunda ba ya ji. Karatunta bai wuce aji huɗu na firamare ba. Amma Allah ya ba ta 'ya'ya mata biyar, ta tura su makaranta da warin daddawa, suna gamawa maza suka kwashe su ɗaya bayan ɗaya: uku Legas, ɗaya Owerri, babbar kuma, Jemimah, Fatakwal.

To, 'ya'yan Tabita ba su iya zama haka nan ba. Wannan ta sauka, waccan ta ɗauka. Ita kuwa Tabita ta rantse babu uwar mijin da za ta yi wa 'yarta wankan jego tana raye, don a cewarta matan can ruwan ɗumi suke yayyafa wa mai jego kamar masu ba kaji ruwa. Tafiyarta ta farko a babbar mota ta yi, ta isa Fatakwal ƙafafu sun kumbura kamar doyar Mashegu. Mijin Jemimah, Shadrach, ya ji kunya, daga nan ya koma saya mata tikitin jirgi daga Abuja. Jemimah ce ta buɗe mata katin kamfanin jirgin.

"Mama, duk lokacin da kika hau za su zuba miki maki. In ya taru sai su ba ki kujera kyauta."

"Kyauta? 'Yan wace coci ce?"

"Kamfani ne, Mama."

"To, su zuba. Ni ban hana kowa aikin lada ba."

Daga ranar Tabita ta zama wata iri. Lambar katin nan ta haddace ta tsaf, ita da ba ta riƙe lambar wayar mijinta ba. Surukin da ya kuskura ya saya mata tikitin wani kamfani daban, sai ya ji a jikinsa: za ta zo, za ta wanke masa mata, amma gaisuwarsa da hanci za ta amsa har kwana arba'in. Ta gano cewa in za ta Owerri ta biya ta Legas, makin ya fi yawa, sai ta daina yarda da jirgin da zai kai ta kai tsaye, ta gwammace ta wuni a filin jirgi tana cin dafaffiyar gyaɗa. Ranar da aka soke tafiya aka kwantar da su a otal, tambayarta ta farko ita ce ko kwanan ma ana zuba masa maki. Da aka ce a'a, ta kwashe ƙananan sabulan banɗaki ta zuba a jaka, ta ce ba za ta tashi a banza ba. Ƙannen Jemimah kuwa, in ɗaya ta yi shekara biyu shiru, sai uwar ta bugo waya: "Ke, lafiya kuwa? Katina ya daɗe bai motsa ba."

Mutane sun ɗauka son banza ne. Ba su san inda ta dosa ba.

Mijinta Filibus manomi ne, dogo, siriri, mai ƙarancin magana, irin mazan da za a yi shekara talatin da su ba a san ko miya ta yi musu daɗi ba. Gonarsa tana hanyar Tungan Kawo. Ƙugunsa ya lalace tun da ya faɗo daga kan rumbu, ba ya iya doguwar tafiyar mota. A Fatakwal kuwa akwai yaro ɗan shekara uku da Jemimah ta sa wa sunansa, bai taɓa ɗora ido a kansa ba sai a waya, inda yaron kan leƙo ya danna wani abu hoton ya ɗauke. Jemimah tana tsoron hanya da ƙananan yara. Sau uku Shadrach yana cewa zai saya wa surukinsa tikiti, sau uku Filibus yana cewa in an saya ma a mayar, shi ba zai hau abin da zai ci wa yara guminsu ba. Amma in an kashe wayar, sai ya daɗe zaune yana kallon baƙin gilashin. Tabita tana gani. Kujerar kyauta, wadda ba gumin yara ba ce, ita kaɗai ce tsohon nan ba shi da bakin ƙi.

Makin ya isa kujera ɗaya, zuwa da dawowa, tun bara. Jemimah ta faɗa mata. Tabita ta ce a bari ya ƙara kwantawa. A gidan ubanta an san mutumin kirki ne da tsohuwar dawa: rumbun kakarta akwai dawar da ta shekara bakwai ba a taɓa ba, kuma wanda ya buɗe rumbu don kawai ya cika, yara ma dariya suke masa. Haka ta ɗauki maki. Abin ajiya ne, a rufe shi a yi kamar an manta, har ranar da ta dace. Ranar da ta dace kuwa ita ce bayan Kirsimeti, ko bayan Ista, ko dai wani bayan.

Ana tsakiyar watan Nuwamba, dawa ta sunkuyar da kai a gona, Jemimah ta bugo tana haki.

"Mama, sun aiko saƙo. Makinki zai mutu ƙarshen shekara."

"Zai me?"

"Zai mutu. In ba a yi tafiyar kafin shekara ta fita ba, sun share."

"Ƙwari ne suka shiga?"

"Doka ce, Mama, tun farko an rubuta. Kuma na duba, watan Disamba babu kujerar maki ko ɗaya, masu tafiya Kirsimeti sun cika ko'ina. Saura guda, ranar Talata ta sama."

Tabita ta zagi kamfanin da Dukanci har mai tsire na bakin layi ya juyo. Sannan ta ce a kama kujerar da sunan Baba.

Filibus ya saurare ta har ƙarshe, yana wasa wuƙar yankan dawa a kan dutse.

"Maman Jemimah, kin taɓa ganin na bar dawa tsaye na tafi yawo?"

"Yawo? Jikan naka ne yawo?"

"Aikin sati uku ne a gonar. In na juya baya, shanu su shiga, tsuntsu ya sauka. Sai ta shiga rumbu na liƙe bakinsa da hannuna. A gaya wa masu jirgi su jira."

"Baban Jemimah, jirgi ba motar Rijau ba ce da za a ce direba ya dakata Baba yana banɗaki."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. An gama magana ke nan.

Akwai abin da kowa ya sani game da Filibus. Shekara arba'in duk wanda ya kira gayya, na coci ne ko na masallaci, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Amma shi bai taɓa kira ba, ko bayan faɗuwarsa. A ganinsa mai kiran gayya ya yarda ke nan ƙarfinsa ya gaza. Kuma gayya mai gona ne ke kiranta da bakinsa, ya bi gida gida. Ba a taɓa jin mace ta kira gayya a gonar miji yana numfashi ba.

Tabita ta ɗaura zanenta na zumuntar matan coci ta fita kiran gayya da kanta, ta fara da gidan Hussaini, maƙwabcinsu a gona, abokin tsokanar Filibus tun suna samari.

"Shi ya aiko ki?"

"In shi ya aiko ni ai da ka ji an yi tsawa."

Hussaini ya yi dariya har da tari. "Wallahi zai kashe mu. Asabar ko? Zan zo da 'ya'yana duka."

Kwana uku tana yawo, kasuwa ma ba ta leƙa ba. Ta jiƙa gero, ta sa aka yanka akuyarta. Filibus ya ga manyan tukwane a tsakar gida ya tambaya, ta ce taron mata ne. Ba ƙarya ta yi ba, mata sun zo.

Ranar Asabar ya iso gona a kan kekensa da hantsi, a hankali saboda ƙugu. Tun daga nesa ya ji waƙa. Mutum ya fi sittin a cikin dawarsa, maza suna kwantar da kara, mata suna yanke kai, wasu suna ɗaure dami. Kusan rabin gonar ya riga ya kwanta. Ya jingine keken, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Wa ya gaya muku na mutu?"

"Ka ji shi!" in ji Hussaini daga cikin kara. "Tsoho, nemi inuwa ka zauna, kar ka karye mana a nan a ce mu ne."

"Hussaini, ban kira ka ba."

"Ni na kira ka sau nawa ka zo? Yau ka ɗanɗana yadda ake ji."

Filibus ya juya ya nemi matarsa. Tana gindin kaɗanya tana raba kunu, ludayi a hannu, fuskar nan kamar ta mai karɓar haraji. Ya matso ya rage murya.

"Kin tozarta ni a gaban gari."

"Na tozarta ka. In ka dawo ka kai ni ƙara wurin fasto. Yaron nan shekararsa uku, Baban Jemimah. Kai kuma naka shekarun ba ƙaruwa suke ta inda ake so ba."

Ya daɗe yana kallon mutanen, yana gane su ɗaya ɗaya: wannan shi Filibus ya taya shi huɗa, waccan ya yi wa mijinta girbi shekarar da yake kwance. Can sai ya zaro wuƙarsa ya shiga layi, yana bin damin da aka ɗaure yana cewa wannan ɗaurin na ragwaye ne, a kwance a sake. Kafin la'asar babu karan da ke tsaye.

Lahadi bai yi mata magana ba, har a hanyar coci yana gaba tana baya. Litinin aka kwaso dawa a motar akori kura, ya tsaya aka jera ta a rumbu yadda yake so, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin da hannunsa. Ya wanke hannu, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin girki yana kallon sama.

"Wace riga ake sawa a jirgin?"

Da asuba suka kama hanyar Abuja, shi a kujerar gaba da matashin kai biyu a ƙugu. Tabita ta yi ta ba shi darasi: kada ya yi gardama in an ce ya cire bel, abincin da za a ba shi ya ci don an riga an biya, in kunnensa ya toshe ya haɗiyi yawu. A filin jirgi aka miƙa masa takardar shiga guda ɗaya. Ya juya ta gaba da baya.

"Taki fa?"

"Makin na mutum ɗaya ne."

"Shekara nawa kina tarawa, ashe ke ba ki ciki?"

"Ni na gaji da ganin gajimare. Wuce, ana jiranka."

Wata ma'aikaciya ta turo keken marasa lafiya, ya dube ta ya dubi keken, ta mayar da abinta ba tare da an ce mata komai ba. Ya bi layi yana ɗingishi, jakar daddawa da kuka a hannu, bai waiwayo ba sai a bakin ƙofa, inda ya ɗaga mata hannu rabi, kamar mai korar ƙuda.

Tana cikin motar komawa, an wuce Lambata, waya ta yi ƙara. Ihun yaro ne ya fara shigowa, sannan muryar Filibus, da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Maman Jemimah, na gan shi! Kunnuwana ya kwaso duka biyun, Allah sarki."

"Kukan me yake yi?"

"Tsorona yake ji. Ya shige bayan kujera, ƙafarsa kawai nake gani."

"To ka ba shi alewa mana."

"Bar shi. Kwana goma gare ni. Ga ni nan zaune a ƙasa, zai fito."

Tabita ta kashe wayar ta cusa a jaka. Matar da ke kusa da ita ta ga tana share ido da bakin gyale, ta tambaya ko rasuwa aka yi.

"Wace rasuwa? Mijina ne zaune a ƙasa a Fatakwal. Da wannan ƙugun, sai an tara mutum uku kafin a tashe shi."