Ranar da Na Karanta Littafina a Kan Durom

Kafin rikici ya ɓarke, albasa nake sayarwa a Kasuwar Ochanja, a Onitsha. Na daɗe a garin har harshen Ibo ya zauna a bakina. Samari 'yan ci-rani in sun sauka daga Arewa, ni nake koya musu gaisuwa da ciniki. Da na gaji da maimaitawa, sai na tsara maganganun na kai wa wani mai injin buga littattafai, ya buga mini ɗan ƙaramin littafi, Hausa a gefe, Ibo a gefe. A shafin ƙarshe na ce duk mai so ya kwafa ya ba wani, in dai bai cire sunana ba.

Sai kashe-kashe suka fara a Arewa, ramuwa ta biyo mu har Onitsha. Aka tara mu a wani fili kusa da tasha, 'yan sanda na gadi, muna jiran motocin da za su fitar da mu. Aka ce an kafa shingaye a hanya, kuma wanda ke jin abin da masu shingen ke faɗa ya fi samun sauƙi. Nan take kowa ya shiga neman littafin.

A cikinmu akwai wani Alhaji, dillalin shanu. Ashe ya saye ragowar littattafan a wurin mai bugawa, ya liƙe sunansa a kan nawa. Yana sayarwa da tsada, ya kuma hana kwafa. Da idona na ga ya fizge fensir daga hannun wani mahauci.

Na je na gaishe shi, na ce, "Alhaji, wannan ai littafina ne."

Ya ce, "Da can naka ne. Na saya, ya zama nawa."

"Takarda ka saya. Abin da ke ciki ni na zauna na tsara."

"Ba kai ka ce kowa ya ɗauka ba? Abin da aka bayar kyauta ba shi da mai shi."

"Na yarda a kwafa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ka karya. Izinin da na ba jama'a ba kai za ka janye shi ba."

Ya yi dariya. "Ina hatimin gwamnati? Wace kotu ce a buɗe yau?"

Ba ni da hatimi, kuma ban ga abin da zai sa in nemi hatimi kafin aikina ya zama nawa ba. Na mirgino wani durom na hau, na ɗaga murya: "Duk mai fensir ko gawayi ya matso! Zan karanta littafin nan kaf, ku rubuta."

Mutane suka yayyaga kwalaye da takardun siminti. Wasu suna rubutawa da boko, wasu da ajami, mata suna maimaitawa da baki. Alhaji yana ta ihu wai ana yi masa sata, ba wanda ya waiwaye shi. Wani ɗan sanda Ibo ya nufo ni. Ya tsaya ya saurara, sai ya gyara mini yadda ake furta wata kalma, ya koma bakin ƙofa.

Dattawa suka ce na ci mutuncin babba, in je in ba shi haƙuri. Na ce sai ya ɓare sunansa tukuna. Ya ƙi, ni ma na ƙi.

Mota ɗaya aka saka mu, ni da Alhaji, ba ya kallona. A shingen farko samari da adduna suka kewaye mu suna ta magana da ƙarfi. Sai na ji Alhaji ya taɓa gwiwata, ya ce a hankali, "Malam, me suke cewa?"

Na gaya masa. Direba suke nema ya sauko. Direban ya sauka, suka daɗe suna jayayya, sannan aka ɗaga mana katakon da suka tare hanya da shi.

Ba zan ce littafin ya ceci kowa ba. Akwai motocin da ba su iso ba. Ni da Alhaji mun rayu a unguwa ɗaya a Kano har ya rasu. Na je jana'izarsa, na yi masa addu'a. Haƙurin dai ban taɓa ba shi ba.