Garin da Iyayenki Suka Haɗu

Ɗiyata ta fari ba ni na raine ta ba. Ana yaye ta yayar mijina ta zo daga Gaya, ta goya ta, ta haye gada ta koma can da ita, kamar yadda aka saba. Ita take kira Inna. Ni kuwa Tanti. Ban taɓa kama sunanta da bakina ba, kunyar ɗan fari ta hana, kuma ba ma zama tabarma ɗaya.

Shekarar da ta ƙare karatu a Paraku ta zo mana hutu Malanbil, goggon na biye da ita, ordinata, wato kwamfuta, na cikin jaka. Da hantsi suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa. Yarinyar ta ce an fito da sabon sistem, yau za ta sa shi.

"Mi ne ne kuma sistem?" in ji goggon.

"Inna, kamar a kwashe kayan ɗaki ne a yi sabon jere. Ɗakin shi ne dai, amma komi ya sake wuri."

Ni ina bakin madafa da faifai, ina tsintar shinkafa. Yarinyar ta soka ɗan kile, ɗan ƙarfen da sistem ɗin ke ciki, a gefen na'urar, fuskar ta yi shuɗi, wasu ɗigo suka shiga zagaye kamar masu neman abin da ya faɗi. Can sai ta ɗauke ɗif.

"Ta suma! Kawo ruwa!" Goggon ta dafe ƙirji.

Yarinyar ta yi dariya har ta kwantar da kai a kafaɗarta. Na'urar ta farka da kanta. Ni da na yi yaƙi da jahilci, na san baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya, ina nesa ina leƙe. Wadda ko bihim ba ta sani ba, ita ce hancinta ke kusan taɓa gilashin.

Da aka gama, sabon sistem ya ce sai an amsa masa tambayoyi, don ranar da aka manta kalmar sirri. Yarinyar tana karantawa da Faransanci tana juyawa da Hausa. Sunan da ake kiranki da shi kina ƙarama. Goggon ta faɗe shi tun kafin a rufe baki, suna ne da ban taɓa ji ba, har da labarin kan kifin da aka sace a tukunya. Lakwal ɗinki ta farko, wato makarantar boko. Wannan ma tata ce, ita ta kai ta tana kuka tana cizon zane. Na tsinci tsakuwa na mayar cikin shinkafar ban sani ba.

"Garin da iyayenki suka haɗu."

"Gaya mana, ƙofar gidanmu," in ji goggon.

Yatsun yarinyar suka hau baƙaƙe. Ban dube ta ba, faifai na duba, na ce a hankali, "A faɗa wa masu na'ura ba can ba ne. Madekali ne, ƙauyenmu, lokacin yankan shinkafa."

"A'a! Matarmu, yau kin samu baki? Ashe a gona kika tare mana yaro!"

Yarinyar ta taso da ordinatar, ta durƙusa gabana. "Tanti, rubuta da kanki. An ce kin iya."

Na goge yatsa a zane. Na daɗe ina neman harafin farko, don jerin nasu ba irin na allonmu ba ne. Ba ta nuna mini ba, ta jira. Gwiwarta na taɓa tawa, ni kuma ban janye ba. Na'urar ta karɓa, fuskar ta buɗe da hoton wani ruwa mai faɗi.

Yarinyar ta rage murya. "Tanti, mi ya kai Baba Madekali?"

Labarin yana nan a bakina, kekensa da ya yi faci, da ƙwaryar furar da na kai wa babana gona. Na ga idon goggon a kaina. Na ce, "Tambayi Innarki."

Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauki abinta ta koma tabarma. Goggon ba ta san komi ba, amma ta gyara zama ta ƙaga labari, wai albasa ya je saye ya sayo matar aure. Suka yi ta dariya suna buɗe sababbin tagogin na'urar. Ni kuma na ɗauki faifai na shiga madafa, don rana ta yi, masu gida sun kusa dawowa daga kasuwa.