Safar Hannun Barau

Barau ɗan Malam Inuwa ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti kusa da Gafasa. Shi ke auna min hawan jini, kuma tun yana yawo ba wando na san shi. Ba shi da wani abin a zo a gani sai gaisuwa. Ko akuya ce ta gifta, sai ya yi mata ban gajiya.

Da korona ta zo aka raba musu takunkumin fuska da safar hannu, aka hana musabaha. Ni dai ina kan benci ina zuba ido, in ga yadda mai irin halinsa zai yi. Takunkumi ya sa. Hannu yana wankewa a bokitin bakin ƙofa. Amma duk dattijon da ya shigo, sai Barau ya zare safar, su gaisa, ya mayar da ita.

Na ce, "Kai Barau, to safar ta mece ce?"

"Hajiya, ai raini ne ka ba babba hannu cikin leda."

Hanne ungozoma ta leƙo daga ɗakin awo. "Sannu mai ladabi! Kai da babanka mai ciwon asma kwano ɗaya kuke ci. Ka gaisa da tari, ka kai masa tsaraba."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Ranar kasuwa sai ga mai unguwa Maikuɗi, aminin mahaifinsa, ido jawur, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Ya goge baki da tafinsa, ya miƙo wannan tafin. Barau ya kama bakin safar, ya tsaya. Ni ma na tsaya da cin goro.

Sai ya zube ya durƙusa, hannu a ƙirji. "Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Yaya jikin?"

Maikuɗi ya dubi hannunsa a iska, ya janye. "Ashe ɗan Inuwa ya yi hankali. Da can kana ba ni hannu kamar sa'anka."

Barau ya miƙe, ya ba shi takunkumi, ya zaunar da shi ƙarƙashin darbejiya, nesa da mu.

Tarin nan bai shiga gidan Malam Inuwa ba. Korona ta wuce, an daina sa takunkumi, Barau bai daina durƙusawa ba. Hanne ta ce saura a koya masa wanke gwiwa.