Wa Ya Laƙanta Masa?

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, kuma har yau in keke ya bi da ni ta ƙofar asibitin da ta yi aiki, sai na kau da kai. Nas ce a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da wanda inji ke taya shi numfashi. Mace ce mai tsare doka har ta ba ka haushi. Mun sha faɗa da ita a gidanmu na unguwar Fezzan, don ko takalmi na ajiye a karkace sai ta yi magana.

Dokar ɗakin ita ce dangi ba sa shiga sai ƙarfe huɗu na yamma. Wata rana wata tsohuwa daga unguwar Bolori ta yi ta roƙonta tun azahar ta bar ta ta shiga wurin mijinta. Ta ce jikinta ya ba ta, so take ta laƙanta masa kalmar shahada. Ya Falmata ta ba ta haƙuri, ta ce sai huɗu. Kafin huɗun mutumin ya cika, ita kuwa tana can gadon ƙarshe tana fama da wani da bututunsa ya toshe. Su biyu ne kacal a bakin aiki.

Da ta fito ta sanar da ita, tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunta ta ce, "'Yata, wa ya laƙanta masa?"

"Ni ce, Mama."

Ƙarya ta yi. Tsohuwar ta yi ta sa mata albarka, tana roƙon Allah ya ba ta mai yi mata haka ranar tata.

Ni kaɗai Ya Falmata ta faɗa wa gaskiyar, muna tsinke zogale a tsakar gida. Da na ga tana zargin kanta, na hau ta da faɗa, na ce ita ta kafa dokar? Ta ce ta san dokar da dalilinta, don kada a shigo wa marasa lafiya da cuta, amma hannun da ya rufe ƙofar nata ne. Ta je ta roƙi manyanta a riƙa barin mutum ɗaya ya shiga in an ga alamar tafiya, aka ƙi. Daga nan duk gadon da ta tsaya sai ta sunkuya ta yi kalmar a kunne, ko mai gadon yana ji ko ba ya ji. In Kirista ne ta kira abokiyar aikinta ta yi masa addu'a. Ta rame. Ko biki aka yi a Bolori ba ta zuwa, tana tsoron haɗuwa da matar.

Na ji an ce yanzu wasu nas-nas suna kara wa mara lafiya waya a kunne, danginsa su yi masa magana daga waje. Da tana nan, na san tsaki za ta fara yi, ta ce a goge wayar tukuna, sannan ta riƙe ta da hannunta.

Da hawan jini ya kayar da ita, ɗakin nan aka kai ta. Wallahi na yi rashin mutunci a bakin ƙofa, har mutane suka taru. Wata nas da ita ta koya wa aiki ta ce in yi haƙuri, sai huɗu. Ya Falmata ba ta kai huɗu ba. Da nas ɗin ta fito, tambayar tsohuwar nan ce ta fito daga bakina.

Ta ce, "Ni ce, Anti."

Na dube ta, na leƙa ɗakin, na ga su biyu ne kacal. Ban ƙara tambaya ba, na sa mata albarka.

Rigunan aikin yayata mun bayar, katifarta ma. Abin da ya rage mini shi ne wannan amsar, kuma har yau ban san gaskiyarta ba. Ina fata addu'ar tsohuwar ta karɓu. Ke kuwa nas ɗin nan, in ƙarya kika yi mini, ƙanwata, na san irin nauyin da kike ɗauke da shi shekara shida, don na ga yadda ya cinye yayata. Ki sauke shi. Na yafe miki tun a bakin ƙofar.