Kwanon da Yaya Hajo Ta Mayar Mini

Shekara biyar ke nan, a irin wannan zafin, da muka rufe Yaya Hajo a Sabha, garin Larabawa a ƙetaren sahara, ƙasar da ta sha rantsuwa ba za ta kwanta a cikinta ba. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ɗiyata Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini baki. Yadda na faɗa, haka za ku karanta.

Hajara ne sunanta na yanka, 'yar Mirriya ce ta ƙasar Damagaram. Ni 'yar Tasawa ce. A nan unguwar Tayuri muka haɗu, katanga ɗaya ta bulo ce tsakanin ɗakinta da nawa, in ta yi tari ina ji, in na yi tsaki tana ji. Mazajenmu leburorin gini ne, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ita ba ta da ɗa a raye. Ta girme ni da shekara shida, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa Gimbiya take ce mini, wai don ina tafiya kamar wadda aka shimfiɗa wa darduma. Ban musa ba. Uwata ma haka take tafiya.

Shekara ashirin da shida, kullum in an sallame azahar, ni nake ɗaukar kwano in zagaya wurinta. Kwano ne shuɗi mai murfi, gefensa ya ɗan goge. Da safe tana aikin wanki da goge-goge a gidan wata Balarabiya a unguwar Sukra, ta dawo ƙafa a kumbure, ba ta da ƙarfin hura wuta. Ni kuwa a tambaya a Tayuri, babu mai tuƙa tuwo kamar ni, har bazin, tuwon Larabawa, na koya na fi masu shi. Mu ci tare, ta wanke kwanon, ta jefa dabino ko gyaɗa a ciki ta miƙo mini. A wurinmu kwano ba ya komawa gida wayam. Abin da ya fi wannan muni guda ɗaya ne: ya koma da abincinsa a ciki, ba a taɓa ba. Duk macen da ta tashi a garuruwanmu ta san ma'anar wannan. An ce da ke hannunki ba a so, ke ma ba a so.

Yaya Hajo mace ce mai jiki. A zamanin ƙuruciyarmu wannan shi ne kyau, in ta zauna a tabarma, tabarma ta ƙare. Da tsufa ya zo, jikin ya sauka a kan gwiwoyinta, ciwon suga ya biyo baya, aka ɗora ta a kan wata ƙwaya da take sha kowace safiya. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da take so ɗaya ne: ta koma Mirriya, a rufe ta kusa da uwarta. In jirgi ya wuce ta wajen filin jirgin Tamanhint sai ta ɗaga kai ta bi shi da ido har ya ɓace, ta ce jirgi na masu takarda ne. Namu motar sahara ce, mai buɗaɗɗen baya, wadda ake zama a gefenta ƙafafu na lilo, kowa ya rungumi sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi, kwana da kwanaki har Agadas.

Na raka ta tasha ranar da ta je neman wuri. Direban ya dube ta sama da ƙasa, ba da raini ba, ya ce, "Inna, wuri akwai. Amma in mota ta kafe a rairayi kowa sauka yake, a tura, in ta ɗauka a hau tana tafiya. Ke wa zai ɗaga ki?" Ta juya, muka kamo hanyar gida.

Lokotoro, wato likita, ya taɓa ce mata ta rage jiki. Bai ce ta yaya ba, ita ma ba ta tambaya ba, Larabcinta na kasuwa ne. Hanyar sai ta gan ta a gidan aikinta. Ɗiyar matar gidan, mai shekara talatin ko ƙasa, tana wani rijim, wato horon ciki don a rame: daga isha'i ba ta ƙara cin komai sai la'asar ta gobe, ruwa kawai da shayi ba sukari. Yaya Hajo ce ke wanke mata riguna, da hannunta ta ga rigunan suna yi wa mai su yawa. Ta tambaya, aka gaya mata gaskiya, har da maganar shan ruwa. Ba zan ɗora wa baiwar Allahn nan laifi ba. Ba ta san ƙwayar suga ba, ba ta kuma san halin tsofaffinmu ba.

Don Yaya Hajo cewa ta yi, yunwar da babu lada a cikinta asara ce. In za ta wuni ba ci, to ta ɗaura niyya ya zama nafila, ta sami mota ta sami Aljanna. Ruwa ya fita ke nan. Sahur ma ta jefar, wai rijim ya hana ci a wannan lokacin. Sai ta haɗiyi ƙwayarta kafin asuba da kurɓin ruwa ɗaya, ciki wayam, ta riƙe baki har magariba. Ba Litinin da Alhamis kaɗai ba, kullum. Ta ɗauki wahalar Larabawa ta haɗa da tamu, ta bar sauƙin kowacce a waje.

Ranar farko da na shiga da kwano ta ce, "Gimbiya, rufe kayanki, sai an sha ruwa."

Na ce, "Yau Laraba, Yaya. Azumin me ake yi ranar Laraba?"

"Azumin mota."

"To Allah Ya karɓa, direba ma ya karɓa."

Ta ce, "Ke dai tsoro kike kada in rame in fi ki kyau."

Muka yi dariya har ta riƙe gwiwa. Na bar mata kwanon, da magariba ta ci loma uku. Haka muka tafi wata biyu, ina kaiwa ina zama, ita tana kallona ina ci. Ta rame kuwa, amma ba inda ake so ba. Damtse ya tafi, cinya ta tafi, wuya ya zama igiya, ciki yana nan inda yake. Da can in za ta tashi daga tabarma hannu ɗaya take dafawa, yanzu sai ta kama katanga da hannu biyu. Matan unguwa kuwa suna ta zuga ta, Hajo kin koma budurwa, Hajo saura lalle. Ta sayi jarkar ruwan tafiya, ta ɗinke ta da buhu yadda matafiya ke yi don ruwa ya yi sanyi, ta sa aka rubuta sunanta a jiki. Ta jera bulo uku a tsakar gidanta, wai bayan mota ne, tana koyon hawa.

Sai ranar wani suna, mata cike da tsakar gida, aka tambaye ta sirrin. Ta nuna ni da baki ta ce, "Ba wani sirri, tuwon Gimbiya na bari. Shekara ashirin da shida yana kumbura ni, shi ya hana ni hawa mota." Aka kwashe da dariya. Wasa take yi, na sani, tun a ranar na sani. Amma tuwona ne aka yi wa dariya a gaban matan da ko ruwan zafi ba su iya dafawa ba.

Washegari ban shiga ba, na ɗora kwanon a kan katanga. Da la'asar na tarar da shi inda na aje, an ɗora dutse a kan murfin saboda kyanwa, abinci yana ciki. Kwana uku haka. Yau na gane ƙamshin ne take gudu, tsoro take kada ta karya. A lokacin abin da na gani shi ne kwanona ya dawo da abincinsa. Na ce in dai ni 'yar Tasawa ce, ƙafata ba ta ƙara zagaya wannan katanga sai ta zo da bakinta.

Kwana tara ban je ba. Ina jin komai ta katanga: motsin buta, nishinta in tana hawa bulo, salatin da take yi in ta sauko. Rana ta tara, bayan azahar, daidai lokacin da da can nake shiga da kwano, na ji wani abu ya faɗi, tim, kamar buhun gero. Muciya na hannuna. Na tsaya. Na ce a raina jarka ce ta ture. Na ce in tana nemana ai tana da baki. Na ci gaba da tuƙi. Rakiya, rubuta shi haka, kada ki sassauta: na ci gaba da tuƙi.

Sai da aka kira la'asar ban ji motsin buta ba, sannan na zagaya. Tana kwance gefen bulo, jiki ya jiƙe da zufa, numfashi kamar minshari, ina kira ba ta amsawa. A bakin ƙofa ga faranti ta riga ta jera dabinon buɗa baki, taku uku daga hannunta. A asibiti lokotoro ya ce suga ne ya sauka ƙasa, ya tambayi tun yaushe ta faɗi. Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi, na sani har da abin da ke hannuna. Ya ce da an same ta da wuri, tana iya haɗiya, ko waɗannan dabinon da sun taimaka. Kwana biyu ta yi ba ta farfaɗo ba. An ce mini kwana ne ya ƙare, na yarda, ni Musulma ce. Amma yarda ba ta taɓa cire mini wannan tim ɗin daga kunne ba.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta leƙo Tayuri yau. Abin da ta ɗauko a ɓoye daga gida ɗaya a Sukra yanzu yana cikin kowace waya. Mata masu jikoki suna tura wa juna saƙon murya, wance ta ce awa kaza, wance ta ce ƙara biyu. Har wadda ke rubuta wannan ta fara, ta san da wa nake, ta daina sunkuyar da kai. Wataƙila yana yi wa wasu amfani, ni ban sani ba, mace ɗaya na sani. Amma ban ji muryar da ke cewa tsohuwa mai shan ƙwayar suga ta fara ganin lokotoro ba, ban ji wadda ke cewa naman damtse in ya tafi a shekara saba'in da wuya ya dawo ba. Ina jin da Yaya Hajo ta ji su, dariya za ta yi ta ce ta riga su. Ba na zaton za ta hana kowa. Ba ta taɓa jin magana ba, shi ya sa muka shirya.

Hanya kuwa ta ƙara tsanani. Yanzu ana kama samarinmu a mayar da su gida ko ba su so, mu tsofaffin da ke so babu mai waiwayarmu. Gwiwoyina sun bi sahun nata. Ni ma lokotoro ya ce in rage jiki, ni na tambaya ta yaya, ya ce in rage tuwo in ƙara wake da ganye, in yi tafiya, kada in taɓa lokacin ci sai na gaya masa. Ina yi. Jikin bai ji ba. Bara na je tasha ni kaɗai, wani direba daban ya ba ni amsar da aka ba ta, kusan kalma da kalma. Na gode masa na dawo da tafiyar nan tawa ta Gimbiya, kada ya ga wani abu a fuskata. Ba zan ga Tasawa ba. Za a rufe ni a nan, in Allah Ya so ni da rahama kusa da ita, ko da yake kabarinta ma rairayi ya shafe alamarsa, bana da na je sai da na yi ta lalube.

Me ya rage nata? Babu ɗa, babu hoto. A Mirriya ban san ko akwai wanda ya ji labarin rasuwarta ba. Jarkar tana ɗakina, buhun ya fara cinyewa, sunan ya dushe, ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Kwanon ma yana nan.

Ɗakinta yanzu wata Hadiza ce a ciki, 'yar Maraɗi, ta haura sittin, mai jiki, ita ma da ƙwayarta ta safe. Watan jiya ta fara nata rijim ɗin. Na ba ta wannan labarin duka, har da muciya, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba kafin ita. Ta ce, "Allah Ya ji ƙanta, Inna, amma ai ni ina shan ruwa." Kullum azahar ina ɗaukar kwanon shuɗi in zagaya. Kullum tana mayar mini da shi da abincinsa, ni 'yar Tasawa, ina karɓa da hannu biyu, in zauna sai na ga idonta. Jiya ta gaji da ni, ta rufe ƙofa, ta ce barci take ji.

Na dawo ɗaki na aje kwanon. Ban ɗora tukunya ba, ban taɓa muciya ba. Na jawo tabarma na jingina kunnena da katanga, na zauna haka har na ji motsin buta.