Takalmin Aro a Ƙofar Zaure

A shekarun farko na ƴancin kai ni tela ne a unguwar Bukoki, kuma duk Yamai babu inda ya fi mini daɗin zama kamar rumfar wani dattijo mai kayan yaji a kasuwar Petit Marché. Son ƴarsa ne ya fara kai ni can, don ita take kawo masa fura da hantsi. Amma ko ba ta zo ba, bakinsa kaɗai ya isa ya zaunar da mutum.

Dattijon ya daɗe yana aikin kuku a gidan Turawan Ingila a Ankara, can ƙasar Gana. Mu kam Faransawa kawai muka sani, su ma daga nesa. Shi kuwa ya dawo da wani ilimi da ya ɗaure mana kai, wato sunayen da Ingilishi suke raba mutane da su. Yana auna kimba da masoro, yana nuna masu wucewa da haɓa.

"Kun ga wancan mai fitowa daga biro, ofishin gwamnati? Farar kwala suke ce mishi. Mai gyaran mota, shuɗiyar kwala. Ɗan da ya iske dukiya a gida, an haife shi da cokalin azurfa a baki. Manyan manya kuwa, ɓawon saman burodi."

Mukan saki baki muna kallonsa. Ni da nake yanka kwala kullum, ban taɓa sanin darajar mutane nake yankawa ba. Wallahi har tsoron mutanen nan na ji. A ce jama'a ta zauna ta ba kowane hawa na arziki sunansa, kamar yadda mahauci ya san sunan kowace tsoka!

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na takalmi. Ya ce in Ingilishi suka kira mutum mai kyakkyawar dunduniyar takalmi, to mai hali ne, don riga kowa na iya samu, ƙasan takalmi suke dubawa.

Ana nan sai na ji wani akawu ma yana neman yarinyar. Farar kwala ce ta gaske, ga takalmi yana ƙyalli. Na ga zan rasa ta ina ji ina gani. Na ɗinka wa kaina farar riga, na goge kwalarta har ta tsaya ƙiƙam. Takalmi kuwa na ara wurin wani abokina direba. Ya matse ni, amma dunduniyarsa ko ƙwarzane babu. Na taka zuwa gidan dattijon da la'asar, ina tafiya kamar mai taka ƙaya.

Sai da na isa ƙofar zaure na tuna abin da ko yaron goye ya sani: ba a shiga gaban wanda ake neman ƴarsa da takalmi. Na cire. Duk arzikina ya tsaya waje tare da kaji. Na shiga na durƙusa, na ce, "Baba, barkanku da gida."

Bai amsa da tsawo ba. Tabarma yake kallo, inda na bar ɗigon jini, don takalmin ya saɓule mini fata.

"Zamna, tela. Miƙo ƙafar nan."

Na miƙa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga faso, ga kaushin taka keken ɗinki, ga sabon ciwo. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo man kaɗe.

"Duk zamana a gidan Turawan nan," in ji shi, "ni ke goge musu takalma, amma ba a taɓa bari na shiga falonsu da nawa ba. Sunayen da nike faɗa muku a kasuwa, ko guda babu nawa a ciki."

Ya janye bakin rigarsa, ya ajiye ƙafarsa kusa da tawa. Fason da ke dunduniyarsa ya fi nawa zurfi. Mutumin da nake ganin ya haɗiye Ingila gaba ɗaya! Idona ya cika da ƙwalla.

Wani hannu ya turo kaskon man ta ƙasan labule, na ji ana danne dariya a baya. Na san hannun.

"Ɓalle kwalar nan tun ba ta shaƙe ka ba," in ji dattijon. "Ka turo magabatanka ran Juma'a."

Na koma Bukoki ƙafa ba takalmi, takalmin aro a hammata.