Aron Ƙashin Dodo

Innata ta zo Makka tana budurwa, tare da babanta, da tukunya ɗaya, da wani dutse da take kira ƙashin dodo. Baban ya rasu kafin alhazan shekarar su watse, tukunyar kuma ta fashe tun ban yi wayo ba. Dutsen ne ya zauna da mu a ɗakinmu na unguwar Mansur, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, a bayan buhun gyaɗar da Inna ke soyawa tana sayarwa a bakin titi.

Girmansa ya kai dunƙulen hannu biyu, ga nauyi, launinsa na jar ƙasa. Siffarsa irin ta ƙashin bayan rago ce da mahauci ke sarawa, sai dai ragon da ke da irin wannan ƙashi ba zai shiga lungunmu ba. Muna yara mukan roƙe ta ta buɗe mu taɓa, mu ruga waje muna ihu.

Ƙauyen su Inna yana can arewacin Nijar, inda Hausawa ke cin kasuwa da Buzaye. Ta ce a bayan gari akwai wani kwari da ƙasusuwa ke kwance a jere cikin rairayi, tun daga kai har wutsiya, duk sun zama dutse. Mutanen garin sun ce dodo ne da ya shanye kogin ƙasar, Allah ya busar da shi a inda ya kwanta. Duk wanda zai yi doguwar tafiya yakan je ya ɗauki gaɓa ɗaya, ya zuba nono a gurbinta, ya faɗa a fili cewa aro ne. Ranar da ya dawo, kafin ya taka ƙofar gidansa, sai ya mayar. A ganinsu dodon ba ya haƙura da gaɓarsa, don haka komai nisan da matafiyi ya yi, zai janyo shi gida. Kakana ya ara, mutuwa ta riga shi, aron ya koma wuyan ƴarsa.

Inna ba ta da iƙama, wato takardar zama, kuma ba ta taɓa samu ba. Duk mun san in ta fita ƙasar nan ba za a bar ta ta dawo ba, ga ƴaƴanta da jikokinta a nan. Ita ma ta sani, ba yarinya ba ce. Amma ko yaushe aka taɓo zancen sai ta ce, “Ba nawa ba ne, aro ne. Mai shi na jira, za ni tahi in maishe mai abinai.” Ni haushi maganar ke ba ni, don na ga gwiwoyinta ko matakalar bene ba sa hawa. Ban taɓa ce mata komai ba, na lura da wannan maganar take tashi da safe.

Yayana ne ba ya iya yin shiru. Yana da shagon abaya a unguwar Utaibiyya, ya tara gemu, kuma tun da ya fara zama wajen karatu komai na gidanmu ya koma abin bincike. Wata ranar Juma'a bayan la'asar muna shan shayi a wajen Inna, ni da shi da babbar ƴata mai karatu a jami'a, ya sake ɗauko zancen.

“Ya ummi, wannan shirka ce,” in ji shi. “Dutse ba ya mayar da kowa gida. A garin nan, kusa da Harami, kina ajiye da irin wannan? Halas, ya isa haka, ki ba ni in jefar.”

Inna ta ce Allah ke mayar da mutum gida, ita amana kawai take riƙo. Ya miƙe zai nufi bayan buhun. Raina ya ɓaci, na ce ya zauna, ba a shagonsa yake ba. Ƴata ce ta shiga tsakani. Hausarta a karye take, rabi Larabci, kuma tana son kakarta ƙwarai. Ta kwance ɗankwalin, ta juya dutsen a hannunta, ta ce wa kawunta ya kwantar da hankalinsa, wannan ba gunki ba ne, ƙashin dainasur ne.

Ta yi mana bayani a hankali. Wasu manyan dabbobi ne da suka rayu suka ƙare tun babu ɗan Adam a duniya, ƙasusuwansu suka zama dutse a ƙasa. Ta ce masana na zaton mutane a ƙasashe da yawa sun riƙa tuntuɓe da irinsu, ba su san na mene ne ba, sai suka ƙaga musu labari: wasu suka ba su fukafukai da wuta a baki, Larabawa suka ce tinnin, su Inna suka ce dodo. Ni dai ban ga laifin kowa ba. Da ni na fita kiwo na tarar da ƙashin baya mai tsawon layin gidaje, ba zan ce na akuya ne ba.

Yayana ya koma ya zauna yana sosa gemu. Ƙashin dabba ai halittar Allah ne. Na ji daɗi har na ƙara wa kowa shayi, ina ganin an tsirar wa Inna da kayanta.

Ƴata ta ɗauko jawwal ɗinta, wato wayarta, don ta faranta wa kakarta. “Shufi ya sitti, duba kaka, ga shi nan. Daga ƙasarku aka samo wannan.” Hoto ne na ƙwarangwal a tsaye cikin wani babban zaure mai fitilu, an ɗaure shi da ƙarafa, Turawa na tsaye a ƙarƙashin cikinsa. Inna ta karɓi wayar, ta kai ta dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

“Wa ya tashe shi tsaye?” ta tambaya.

Ƴata ta ce masu bincike ne suka haƙa, suka ɗora a manyan motoci, wasu aka kai babban birni, wasu aka haye teku da su.

“Na kwarinmu ne?”

“Ban sani ba, sitti. Amma sun haƙa wurare da yawa a can.”

“To in sun kwashe shi, wa ke jira?”

Ƴata ta ce mai yiwuwa ba nasu ba ne, Nijar da faɗi. Yayana ma, shi da ya zo jefarwa, ya ce a bar dutsen inda yake, ba komai. Inna ta miƙa wayar, ta ce shayinta ya huce. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta, na tashi na hau wanke kofunan da ba a gama sha ba.

Ba ta sake naɗe dutsen ba. Ya zauna a fili kusa da randa, jikoki na wasa da shi, ba ta hana. Bayan ƴan kwanaki ta sa na jawo wata jaka daga ƙarƙashin gadonta. Atamfofi ne da turare da dabino da ya bushe ƙayau, tsarabar da ta yi shekaru tana tara wa ƙannenta. Ta ce in raba wa maƙwabta, dabinon a ba tantabaru.

Da yayana ya zo gaishe ta a Juma'ar da ta biyo, ta jira ya zauna, ya sha ruwa. Sannan ta tambaye shi wace maƙabarta ake kai ƴan unguwarmu, kuma ko suna karɓar wanda ba shi da takarda.